Baƙin da Na Mayar Daga Ƙofa

Yayana Kashim bakanike ne na manyan motoci. A Potiskum ta wancan lokaci, inda da wuya ka sami unguwar da babu mai tirela ko direbanta, wannan ba ƙaramar sana'a ba ce. Garejinsa yana bakin hanyar Kano, ƙarƙashin wasu manyan bishiyoyin maina. Direbobi sun san halinsa: ba ya taɓa inji sai ya sa an tayar da shi ya saurara tukuna, kansa a karkace, idonsa a lumshe. Daga nan ne zai miƙa hannu a ba shi sifana.

Ni ne Yunus, ƙanensa. Shekara tara ya ba ni. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya tsaya mini har na gama kwalejin horon malamai na fara koyarwa a firamare. Ya Kashim nake ce masa, yadda ake kiran na gaba a gidanmu.

Wata Talata cikin bazarar 1993, yana sunkuye kan batirin wata mota, batirin ya fashe, ruwansa ya watsu masa a fuska. Muka kai shi asibiti a nan, daga nan aka tura mu Kano. Sati bakwai muka yi. Ranar da likita ya zo da sakamakon ƙarshe, ni na tare shi a bakin ƙofa na roƙe shi ya faɗa mini ni kaɗai. Ya ce idanun biyu duka sun tafi. Na koma ɗaki na ce wa Ya Kashim ana nan ana dubawa. Sai ya ce, "Yunus, muryarka ta riga ta faɗa mini."

Da muka dawo, na kwaso shi da matarsa Meram da 'ya'yansu mata biyu daga gidan da suke haya, na kawo su gidana a unguwar Ngojin. Na ba su ɗaki biyu na ciki. Kowa ya yaba mini, ni ma a raina na yaba wa kaina. Ban tuna na tambaye shi ko yana son ya tashi daga unguwarsa ba.

Na rantse wa kaina cewa ba zan bari komai ya sake taɓa shi ba. Abin da ya fara fita daga gidan shi ne kalmar gani. Na hana kowa faɗinta a gabansa. Wata safiya cikin damina matata Sadiya ta kai masa kunu, ta manta ta ce, "Ya Kashim, ka ga ruwan nan ya ƙi tsayawa?"

Ya yi dariya. "Na gani mana, Sadiya. Tun asuba nake ganinsa a kan kwanon rufi."

Ita ma ta yi dariya. Ni kuwa na jira ta fito na yi mata faɗa har ta yi hawaye. Daga ranar kowa ya riƙa auna maganarsa kafin ya buɗe baki a gabansa, kuma da yake auna magana gajiya ce, sai aka rage yi masa maganar gaba ɗaya. A kai masa abinci, a ce sannu, a fito.

Idan za mu masallaci, sai in cafki wuyan hannunsa in ja shi a bayana, ina sauri don kada mutane su tsaya kallonsa. Ya kan ce, "Sassauta, Yunus, ba akuya kake kai wa kasuwa ba." In yi dariya, in ɗauka barkwanci ne irin nasa. In zan yi masa magana kuma sai in ɗaga murya ban sani ba, har ya ce, "Kunnena lafiyarsa ƙalau." Duk wanda ya tsaya gaishe mu a hanya ya tambayi jiki, ni nake amsawa, "Da sauƙi, an gode." Gab da babbar sallah na kai shi wurin tela. Telan ya dube ni ya ce, "Wane irin wuya za a yi masa? Aljihu nawa yake so?" Na amsa duka. Ya Kashim yana tsaye a tsakaninmu, hannuwansa a buɗe ana gwada shi. Da muka fito ya ce, "Ashe mai aljihu biyu nake so."

Amma duk waɗannan ƙananan abubuwa ne idan aka gwada da maganar baƙi.

A satin farko da dawowarmu daga Kano, mutanen gareji suka zo gaishe shi, su wajen goma, da kayan aikinsu a jiki, suna warin baƙin mai. Suka cika zaure. Aka yi ta hirar motoci, wace ta kwana a hanyar Gombe, wa ya sayi sabon kai. Na ji muryarsa ta tashi a cikinsu kamar dā. Da suka tafi na mayar da shi ɗaki. Jim kaɗan na leƙa, na same shi ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da aka binne mahaifinmu. Na ja da baya a hankali, na tsaya a tsakar gida na yanke hukunci: waɗannan mutane su ne suke tuna masa abin da ya rasa, ba za su sake shigowa ba.

Washegari na hau keke na je garejin, na ce musu likita ya ce a bar shi ya huta, kuma shi kansa ba ya son hayaniya yanzu. Suka ce Allah ya ba shi lafiya. Wasu sun sake gwadawa sau ɗaya ko biyu, na tare su a ƙofa na ce yana barci. Magana ta bazu cewa Kashim ba ya son ganin mutane. Kafin kaka ƙafa ta ɗauke.

Mutum ɗaya ne bai daina zuwa ba. Sunansa Muhammadu Lawan, amma kowa Baba Lawan yake ce masa. Shi ya ɗauki Ya Kashim tun yana ɗan shekara goma sha huɗu ya koya masa kanikanci, a gidansa ya ci ya sha har ya yi aure. Da tsufa ya kama shi ya bar gareji ya koma garinsu Gadaka yana ɗan noma. Ya haura saba'in, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa.

Zuwansa na farko ya kawo zabi biyu da ƙullin gyaɗa. Na ce Ya Kashim yana barci, ya sha magani. Ya zauna kan dakali ya jira har la'asar, na fito na ce har yanzu bai tashi ba. Zabin na ce wa mutanen gida wani abokin aikina ne ya kawo. Zuwa na biyu na ce likita ya hana. Sadiya ta ji ni daga bayan ƙofa. Da na shigo ta ce, "Malam, wannan dattijon ai ubansa ne. Abin nan da kake yi ba daidai ba ne."

Na ce, "Ke ba ki ga kukan da ya yi ba."

Ta ce, "To ka tambaye shi mana."

Na ce mata na fi ta sanin ɗan'uwana.

Zuwa na uku cikin daminar 1994 ne, lokacin da man mota ya yi wuya, motar Gadaka sai ta cika maƙil take tashi, wani lokaci sau ɗaya a yini. Na gan shi tun daga nesa yana jan ƙafa, gefen rigarsa duk taɓo. Bai bari na fara ba.

"Yunus, yau ba zan ji maganar barci ba. Shiga ka ce masa ni ne. In ya ce ba ya son ganina, in juya."

Na shiga. Ya Kashim yana zaune a kan tabarma ƙofar ɗakinsa, 'yarsa ƙarama tana tsefe wa 'yar tsanarta kai a kusa da shi. Ranar ya ci abinci sosai, fuskarsa a sake. Na tsaya ina kallonsa. Na gaya wa kaina cewa kada in ɓata masa wannan natsuwar. Amma akwai wani abu a ƙarƙashin wannan, kuma yanzu ba na ɓoye shi: in dattijon ya shigo, zai ce wannan ne zuwansa na uku, kuma za a tambaye ni ina na biyun farko suka shiga.

"Waye a waje?" in ji Ya Kashim.

"Ba kowa. Mai neman wani gida ne."

Na fito na ce, "Baba, ya ce a yi haƙuri, ba yanzu ba."

Dattijon ya daɗe yana kallona. "Shi ya faɗa da bakinsa?"

"Shi ya faɗa."

Ya gyara hularsa, ya dogara sandarsa. "To. Ba laifi. Ka ce masa in ji ni, ido ne ya tafi, hannun da na koya wa aiki yana nan. Ka faɗa masa haka."

Na ce zan faɗa. Na tsaya har ya sha kwana.

A wannan shekarar Ya Kashim ya rame. Ya daina barkwanci. Ya kan wuni a wuri ɗaya, in tirela ta wuce can bakin titi sai ya karkata kai har ƙararta ta ɓace. Wata rana ina yanke masa farce, abin da shi ma yana iya yi da kansa, ya ce, "Yunus, mutanen gareji ban riƙe su ba. Kowa da abin da ya dame shi. Amma Baba Lawan? Ko saƙo?"

Na ce, "Ka san tsufa, ga wahalar mota."

Ya ce, "Haka ne." Bai sake ambatonsa ba.

Bayan an gama girbi, Jalo, wani direba da ya daɗe yana kai mota garejin, ya tsayar da ni a hanyar makaranta ya ce Baba Lawan ya rasu jiya a Gadaka, a faɗa wa Oga Kashim. Na ce zan faɗa. Na yi kwana uku ina neman ta inda zan fara, kwana ukun suka zama bakwai, aka yi sadakar bakwai babu mu. Daga nan kuma faɗin ya fi ƙarfina. Ko Sadiya ban gaya wa ba.

Kusan wata biyu bayan haka, ranar wata Laraba, ranar da kasuwar shanu take ci, na dawo daga makaranta da azahar na tarar tabarmarsa babu kowa. Meram tana tankaɗe a tsakar gida, fuskarta da wani haske da na daɗe ban gani ba.

"Ina Ya Kashim?"

"Bubayaro ne ya zo. Motarsa ta lalace a kara, an riga an loda shanu. Ya yi sallama ya ce da maigidan yake son magana, suka yi magana, suka fita."

Bubayaro Bafulatani ne mai fataucin shanu, ya bar daji ya zauna a gari, yana da babbar mota ɗaya da Jalo yake ja masa zuwa Kudu. Ya shafe fiye da shekara yana can Kudun, bai ji dokar da na kafa ba, ko kuma ya ji bai kula ba.

Na juya keke na nufi kara, wato kasuwar shanun. Tun daga nesa na hango taron mutane gefen wata mota mai bodin katako, shanu a ciki suna ta kuka saboda zafi. Na kutsa. Ga Ya Kashim a tsaye kan bamba, ya naɗe hannun riga, rabin jikinsa a cikin inji.

"Jalo, tayar," in ji shi. Motar ta yi tari ta kama. "Taka kaɗan. Sake. Ya isa, kashe."

Ya bi wani siririn bututu da yatsunsa, a hankali, kamar mai laluben ƙaya a ƙafar yaro. Ya tsaya a wani wuri, ya shinshina yatsan.

"Wa ya ce muku famfon mai ne? Ku bar famfon mutane. Iska take sha. Ga inda bututun ya tsage, nan ƙarƙashin maɗaurin. A ba ni sha huɗu."

Wani ya sa masa sifana a hannu. Mutane suka fara murmushi suna kallon juna.

Ni ban ga wannan duka ba a lokacin. Abin da na gani shi ne tsayin bamba daga ƙasa, da fankar inji kusa da hannunsa. Na yar da keke, na rungumo shi ta ƙugu daga baya ba tare da na ce uffan ba, na sauko da shi. Ya firgita, sifanar ta faɗi, ƙafarsa ta bugi ƙarfe. Na juya kan Bubayaro ina ihu.

"Ba ka da hankali ne? Makaho za ka ɗauko ka ɗora a kan mota? In ya faɗo fa? In injin ya cinye masa hannu fa?"

Shekara ɗaya da rabi ina hana mutane faɗin kalmar gani, ga shi ni na tsaya tsakiyar kasuwa ina nuna shi da yatsa kamar kayan da aka ɗauko ba da izinina ba.

Bubayaro bai ɗaga murya ba. Da Hausarsa mai karyewa ya ce, "Malam, ni ban ɗauko shi ba. Na ce, Kashim, motata ya ƙi tafiya, za ka duba mini? Ya ce zai duba. Shi ya hau da ƙafarsa."

Ya Kashim ya cire hannuna daga jikinsa, yatsa ɗaya bayan ɗaya. "Kada ka sake kama ni ta baya," ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

Jalo ya sauko daga mota yana son ya gyara zance. "Malam Yunus, yi haƙuri, ai ka ga ya gano matsalar. Tun safe mutum uku suke fama. Wallahi Oga, da Baba Lawan yana raye ya ga wannan, da ya ji daɗi. Allah ya ji ƙansa."

Ya Kashim ya juya fuskarsa inda muryar take. "Me ka ce?"

Jalo ya dube ni, ya dube shi. "Rasuwar Baba Lawan. Ai yau kusan wata biyu. Na ba Malam Yunus saƙo." Da ya ga ba wanda ya tanka, sai ya ci gaba, yana ƙara rikicewa. "Mun ɗauka ko har yanzu ba ka son fita ne. Shi ma marigayin da ya zo na ƙarshe, ya biyo ta gareji ya zauna, ya ce sau uku yana zuwa ba ka yarda ya shiga ba."

Ya Kashim ya lalubi tayar motar ya zauna a ƙasa ya jingina da ita. Ya yi salati. Sannan ya ce a yanke inda bututun ya tsage a mayar a ɗaure da kyau, a fitar da iskar kafin a tayar, kada dabbobin nan su mutu a rana. Sai da ya ji motar ta tashi tana ƙara daidai sannan ya miƙe.

"Bubayaro, kai ni gida."

Bubayaro ya matso ya ce, "Ga kafaɗata ta hagu." Ya Kashim ya ɗora hannu. Suka kama hanya, ni ina biye ina tura keke. Bubayaro yana gaba da rabin taki, ba ya jan sa, ba ya sauri. In sun zo kwata ya ce, "Kwata, taki ɗaya." In akwai tudu ya ce, "Za mu hau." Tsakanin haka bai cika shi da sannu ba. A tsawon tafiyar nan ban ga Ya Kashim ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, alhali da ni kullum sai ya yi.

A gida ya ce Meram ta kwashe yara su shiga wurin Sadiya. Muka zauna a zaure mu biyu.

"Sau nawa ya zo?"

"Sau uku."

"Me ka ce masa?"

Na faɗa masa duka, har zabin, har ranar da na ce mai neman wani gida ne. Na faɗa masa saƙon da dattijon ya bari. Da ya ji saƙon ya buɗe tafin hannuwansa a kan gwiwa, baƙin mai yana nan a jikinsu, ya rufe.

"Ya Kashim, wallahi don kai na yi. Na ga kukan da ka yi ranar da mutanen gareji suka zo."

"Kukan nawa ne ko naka?" Muryarsa ba ta tashi ba. "Mutum ya rasa idonsa, ba zai yi kuka ba? Na yi, na share, na kwana ina tunanin yadda zan koma in zauna musu ko a kan benci ne, ina saurare. Na jira su dawo in faɗa musu. Ba su dawo ba. Na ce ashe haka nake a wurinsu. Shekara guda da rabi, Yunus, ina zaune a gidanka ina zargin mutanen da ba su yi mini komai ba. Na zargi mutumin da ya raine ni. Na faɗa a raina cewa ya ga ba ni da sauran amfani."

Ya ci gaba da cewa:

"Batir ido kawai ya ɗauke mini. Bakina kai ka karɓe, kai kake amsa gaisuwata. Ƙafata kai ka karɓe. Har mutanena. Kuma kullum ina gode maka, don ban san yadda zan ce wa wanda yake ciyar da 'ya'yana ya sake ni ba."

Na durƙusa a gabansa na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Gobe za mu Gadaka."

Muka isa da hantsi. Matar marigayin, Ya Kaka, tsohuwa ce ƙarama, tana cikin takaba. Da ta ji muryarsa ta yi masa sannu da Barbarci, ta ce, "Wushe, wushe, Kashim, kai ne?" Ta fashe da kuka. Aka shimfiɗa mana tabarma daga bakin ƙofarta, muka yi ta'aziyya, aka yi addu'a.

Sannan ta ce, "Ɗana, ban riƙe ka ba, shi ma bai riƙe ka ba. Da ya dawo na ƙarshen nan, kwana biyu bai ci abin kirki ba. Ya ce, yaron nan kunyata yake ji, ba ya son in gan shi a haka. Ya ce a bar ka, in zuciyarka ta huce za ka neme shi. Har ciwon ya kwantar da shi, in ya ji tsayuwar mota a bakin hanya sai ya ce a duba ko kai ne."

Ya Kashim ya sunkuyar da kai. Na gane ba zai tona ni ba. In na yi shiru, haka zai ɗauki laifin ya tafi da shi.

Na ce, "Ya Kaka, bai taɓa sanin Baba ya zo ba. Ni ne nake mayar da shi daga ƙofa. Ni na ce ya ce ba ya son ganinsa. Rasuwar ma jiya ya ji."

Tsohuwar ta ɗago mayafinta ta dube ni da kyau. Na ɗauka za ta zage ni, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

"Me ya yi maka?" ta ce.

"Bai yi mini komai ba. Na ɗauka ina kare ɗan'uwana ne."

"Daga wa?"

Ta juya ga Ya Kashim ta ci gaba da magana da shi, ta tambaye shi Meram da yara, ta ba shi labarin jinyar tun daga farko. Ba ta sake waiwayata ba har muka tashi. Wani ɗan marigayin, magidanci, ya raka mu maƙabarta. Ya Kashim ya tsuguna ya shafa ƙasar kabarin daga kai har ƙafa, ya daɗe yana addu'a. Ni na tsaya daga baya.

Da za mu koma tasha na miƙa hannu zan kama shi yadda na saba, sai na tsaya. Na ce, "Ya Kashim, yaya kake so mu yi?"

Ya ce, "Ba ni gwiwar hannunka. Ka yi tafiyarka kawai. In akwai abu a gaba ka faɗa."

Haka muka yi har tasha.

Bayan sati biyu ya ce zai koma tsohuwar unguwarsa. Wannan karon ban yi gardama ba, na dai tambaye shi ranar da yake so a kwashe kaya. Ya koma gareji. Da farko a kan benci yake zama yana saurare yana faɗin abin da za a kwance, daga baya ya koma sa hannu da kansa. Ya sa aka jera masa kayan aikinsa a tsari ɗaya, kuma kowa ya san ba a gusar masa da ko noti ba tare da an faɗa masa ba. Kafin shekara ta zagayo direbobi daga Nangere har Damaturu sun dawo layi a ƙarƙashin mainar nan. Ya yi ƙiba, barkwancinsa ya dawo.

Ya ce ya yafe mini, kuma na yarda, don bai taɓa goranta mini ba. Muna zumunci, 'ya'yanmu tare suka tashi. Ya Kaka kuwa ta rasu a 1997 ba ta sake yi mini magana da ta wuce amsa gaisuwa ba. Duk shekara bayan girbi Ya Kashim yakan shirya ya tafi Gadaka ya gaida iyalan gidan, ya ziyarci kabarin. Wata shekara Jalo ya kai shi, wata shekara ya tafi da Meram a motar haya. Bai taɓa cewa in raka shi ba, ni ma ban taɓa samun bakin da zan ce zan bi shi ba.